Taken Baba Mai Shara

Na taɓa sa wani dattijo ya tuɓe hularsa a tsakiyar kasuwa, ya tsaya da furfura a waje a gaban mutanen ƙasarsu, waɗanda ya daɗe yana ɓoye wa fuskarsa. Ban zage shi ba, ban taɓa jikinsa ba. Gurmi kawai na kaɗa.

Lokacin ina saurayi, ina dako a kasuwar kayan gwari ta Agege. Cin rani ya kawo ni Ikko, kamar kowa, da niyyar in koma kafin ruwan shuka. Ruwan shuka ya sauka sau da yawa ban koma ba. Aikin ba shi da wuyar koyo. Motoci su iso daga Arewa da sanyin safiya, kwanduna jere a kan katako hawa-hawa, tumatir da tattasai da attaruhu, albasa kuma a buhu. Ka naɗa gammo, a ɗora maka, ka bi matar da ta saya har bakin titi inda danfo, motar hayar garin, ke jira. Ruwan tumatirin da ya fashe ya bi wuyanka ya gangara har cikin wando. Ƙafarka a caɓi tun safe. Manoman da suka biyo kayansu su zauna a gindin mota, ido ja saboda hanya, suna kallon bakin dillali. In ciniki ya yi kyau ka ji dariya. In bai yi ba, ka ga mutum ya zuba wa kwandunansa ido kamar mai zaman makoki. Abin da na fi tunawa da kasuwar wancan zamanin shi ne ana jin mutane. Ana jin “hanya, hanya” ta 'yan dako, ana jin Yarbanci da Hausa suna cakuɗewa wajen ciniki, ana jin jirgin ƙasa tun yana nesa. Bayan azahar, in kaya sun ƙare, wurin yakan yi tsit har ka ji kukan ƙuda. Yanzu ba haka ba ne. Janareto a kowane lungu, mai tallan magani da lasifikarsa, mai cajin waya da tasa, 'yan acaɓa, okada, na ratsa mutane. Samarin da ke dako yau sun toshe kunnuwansu da waya, kaya a kai, kowa na jin kiɗansa shi kaɗai. In za ka yi musu sallama sai ka taɓa kafaɗa.

Gidanmu manoma ne. Ba mu da makaɗi ko ɗaya, gaba da baya. Babana ba mai yawan magana ba ne, a nan na gado shi. Ya taɓa kama ni ina buga gwangwani a bayan rumbu. Bai doke ni ba. Ya ce, “A gidan nan mu ake yi wa kiɗa. Ba mu muke yi ba.” Ya wuce abinsa. A wajenmu makaɗi yana da amfani, ana kiransa, ana ba shi, amma ba a cin abinci da shi a akushi ɗaya. Mai miƙa hannu ne. Duk da haka kiɗa ya shiga kaina tun ina ƙarami, kuma a wajen gayya ya shiga. Wanda bai ga gayya ba ba zai gane ba. Ƙauyuka su taru a gonar mutum ɗaya, ƙarti su jera da garemani, makaɗan noma na biye da su da ganguna, ƙasa na tashi, gumi na zuba. Kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. In aka kaɗa taken mutum ba ya iya tsayawa shiru. Jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga garma sama, ya yi wa kansa kirari, sannan dole ya yi wa makaɗin kyauta nan take, ko da rigar jikinsa ce. In bai yi ba ya zubar da sunansa. Shi kuma makaɗi ba ya ƙin karɓa, ba ya mayarwa, don wannan zagi ne, kamar ka ce wa mutum ba shi da komai. Mu yara ba a barin mu kusa. Daga bakin gona muke ji, a gindin tsamiya, muna gadin ƙwaryar fura. A haka na haddace kiɗe-kiɗe da yawa, ban san wanne ne na wa ba. Sauti kawai na ɗauka na tafi da shi.

A Agege na haɗa gurmina da hannuna. Ƙoƙo na samu wajen mai fura, fata na roƙa a mayanka, tsirkiya kuma na zaro daga wayar birkin keke. Na farkon da na yi, ƙararsa kamar an sa kyanwa a buhu. Wani kuma fatar ta yi laushi saboda damshin garin, ya daina magana. Da ƙyar na samu wanda ya zauna. Babu wanda ya koya mini. Bayan rumfar albasa akwai inda ake tara kwandunan da aka juye, su yi tsiri har su fi tsawon mutum. Can nake shiga in an tashi daga aiki. In zauna a kan dutse, in juya wa kasuwa baya, in riƙa taɓa tsirkiya a hankali kamar mai sata. Ko ni kaɗai ne sai in yi ta waiwaye. In na ji takun mutum sai in tura gurmin cikin kwando in yi kamar barci nake.

Wanda ya fara gano ni abokin dakona ne, wani dogo mai baki, Dogo ma muke ce masa. Ya leƙo ta saman kwanduna.

“Au, ashe kai ne! Mu muna can muna cewa ɓera ne ya faɗa gwangwani.”

Na ce, “Rufa mini asiri.”

“Asirin me? Ai ɓeran ma ya fi ka iyawa. Ƙara kaɗawa in ji.”

Bai rufa ba. Kafin a daɗe 'yan dako suka riƙa zuwa suna kishingiɗa a ɗaya gefen kwandunan, suna shan rake, suna ji. Ba na ganinsu, ba sa ganina. Da wannan sharaɗin na yarda. Akwai wata Bayarabiya mai jiki da nake yi wa dako, Iya muke kiranta, tana jin Hausa tamkar 'yar Kano. Ita ke sayen tumatirin da ya fashe, wanda su ke kira esha, tana kai wa masu dafa abinci. Wata rana ta wurgo mini kuɗi ta saman kwanduna. Na tsince, na zagayo na miƙa mata.

“Iya, ni ba maroƙi ba ne.”

“To mene ne kai?”

“Ɗan dako.”

“Ɗan dako mai girman kai! Kana kiɗa kana ɓuya, akuyar wa ka sata? Oya, Malla, ɗauki kayana.”

Abu biyu na tsare. Ba na karɓar komai daga hannun kowa, don in na karɓa na zama abin da babana ya faɗa. Kuma ba na kiɗa ranar da motar wajenmu ta shigo. Kullum da safe sai na tambayi yaran mota daga inda suka ɗauko kaya. In suka ambaci yankinmu, gurmi ya kwana a kwando. Abin da nake tsoro ke nan a duniya: wani ya koma gida ya ce ya ga ɗan gidanmu a Ikko da gurmi a cinya. Yunwa ban ji tsoronta haka ba, ciwo ma haka.

Ba ni kaɗai ke gudun motocin wajenmu ba. Akwai wani tsoho da ke sharar kasuwa yana tsince wa Iya esha. Baba Mai Shara ake ce masa, ba wanda ya san wani sunan. Dogon mutum ne amma ya ranƙwafa, hannuwansa manya kamar faranti, ba su dace da sauran jikin ba. Ba ya hira. Ka gaishe shi ya amsa, idonsa a ƙasa. Rigarsa duk ruwan tumatir ne, amma hularsa kullum fes. Tsohuwar hula ce, zaren ya koɗe, yakan wanke ta ya kifa a kan gwangwani ta bushe, yana zaune kusa da ita da tsumma a kai har ta gama. Na lura duk ranar da na ɓoye gurmina, shi ma yakan koma can wajen bola da tsintsiyarsa, ba a ganinsa sai yamma. Na lura, ban tambaya ba. A Ikko ba a tambayar mutum abin da yake kafin ya zo.

Sannu a hankali na fara sabawa. Dogo ya fara sauke kwandunan sama, wai iska ba ta shigowa, har ya zamana in mutum ya tsaya zai ga kaina da kafaɗuna. Na ƙyale shi. Na fara jin daɗin yadda hira ke tsayawa in na soma. Akwai wani kiɗa da na fi so cikin waɗanda na ɗauko daga bakin gona. Mai nauyi ne, yana farawa kamar ba ya so, sannan ya tashi. Na ganga ne, ya ƙi zama a kan tsirkiya biyu. Na daɗe ina fama da shi a ɗakin da muke kwana, ban taɓa fito da shi kasuwa ba. Na san kiɗan gayya ne. Na san irinsa yana da mai shi. Amma na ce a raina, nan ina, can ina, wa zai sani.

Ranar da na fito da shi, na yi tambayata da safe kamar kullum, babu motar wajenmu. Ashe akwai wadda ta lalace a hanya. Sai bayan azahar ta shigo ta ƙofar baya, ta tsaya ba nisa da rumfar albasa. Na ji ƙarar injin, ban kula ba. Hankalina na kan yatsuna. Na soma kiɗan, kuma ya zo daidai, irin zuwan da bai taɓa yi ba. Na ƙara masa ƙarfi.

Baba Mai Shara yana wucewa lokacin, kwandon esha na Iya a kansa, tsintsiya a hammata. Na ga ya tsaya. Na ga kwandon yana girgiza. Sai ya sake shi, tumatir ya tarwatse a ƙasa. Bayan nan da muka sani a ranƙwafe ya miƙe. Ya ɗaga tsintsiya sama da hannu biyu yadda ake ɗaga garma, ya kurma ihu da wata murya da ba mu san yana da ita ba.

“Sai ni na Indo, gagarau! Ni na shiga gona da asuba ciyawa ta yi sallama da 'ya'yanta! Garma ta gaji ban gaji ba! Rana ta gan ni ta nemi inuwa! Wanda ya ci dawa a ƙasarmu, gumina ya ci!”

Ya kamata in tsaya tun ihun farko. Ban tsaya ba. Ban taɓa ganin kiɗana ya ɗaga mutum ba, hannuna ya ƙi sakin tsirkiya. Na ci gaba, shi ma ya ci gaba, yana taka ruɓaɓɓen tumatir, yana sara iska da tsintsiya. Kasuwa ta taru. Waɗanda ba su san abin ba suka fashe da dariya. Matan Yarbawa suka ja baya, wasu na cewa iska ce ta hau shi. Manoman da suka sauko daga motar nan su ba su yi dariya ba. Babbansu ya ratso mutane ya tsaya gaban Baba. Ina ganinsa na gane shi. Maƙwabcin gonar babana ne.

Ya ce, “Innalillahi. Sarkin Noma? Kai ne?”

Nan hannuna ya tsaya.

“Ai cewa aka yi kana da rumfa a Ikko. Cewa aka yi fataucin albasa kake yi.”

Baba ya sauke hannuwansa. Ya kalli tsintsiyar. Ya kalli ƙafafunsa. Na ga lokacin da ya dawo cikin kasuwa, ya tuna inda yake. Zai iya juyawa ya tafi, ba wanda zai riƙe shi. Amma an kaɗa takensa, ya amsa, kuma mutanen ƙasarsu na tsaye. Ya laluba aljihun rigarsa na dama. Ya laluba na hagu. Kowa na kallo. Sai ya kai hannu ya cire hular. Ya tako har inda nake, ya miƙo ta ta saman kwanduna.

“Makaɗi, ga naka.”

In na ƙi, na gaya wa duniya ba shi da komai. In na karɓa, na miƙa hannu. Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Maƙwabcin babana ya bi hular da ido har ya iso fuskata. Ya daɗe yana kallona.

“Kai kuma ba ɗan gidan bakin rafi ba ne?”

“Ni ne, Baba.”

Ya kalli gurmin. Ya ce, “To.” Bai ƙara ba.

Iya ce ta kori mutane. Ba ta yi maganar kayanta da suka zube ba. Ta durƙusa da jikin nan nata tana tsince abin da zai tsintu, tana cewa, “Me kuke kallo? Ba ku da uba a gida? Oya, ku watse!”

Kafin yamma kowa ya ji labarin daga bakin manoman. Shi ne sarkin noman wani gari da ke gaba da namu. A zamaninsa rumbunansa ake nuna wa baƙo. Fari ya zo ya maimaita, ya buɗe rumbu ya ciyar da mutane har ya ƙare, shanun huɗa suka tafi, gona ta bi su. Sai ya ce wa iyalinsa zai je kudu fatauci. Abin da yake samu a shara shi yake aikawa gida ta hannun wani direba na wani yanki, a ce daga rumfa ne. Na gan shi ina yaro, daga gindin tsamiya, ƙato a gaban ƙarti. Ban haɗa wancan da wannan ba.

Manoman suka sayar da kayansu suka koma. Mu aka bari da abin. Samari suka sami abin wasa. In Baba ya zo wucewa sai wani ya durƙusa ya ɗaga hannu, “Ranka ya daɗe, Sarkin Noma, ga wata gonar nan ba a share ba!” Wani ya riƙa kwaikwayon kirarin da muciya. Dogo ya mari ɗaya har aka kai su gaban shugaban 'yan dako. Baba bai tanka wa kowa ba. Yana shararsa, kai a buɗe, rana na dukan furfura. Mutane sun kawo masa huluna, ya ƙi karɓa. Ni kuwa in na hango shi sai in sake hanya, ko da kaya a kaina. Gurmi na tura ƙarƙashin tabarma. Hular tana aljihuna, tana ƙona ni kamar garwashi.

Da abin ya ishe ni, na je na same shi wajen bola bayan la'asar. Yana zaune a kan buhu yana ɗaure tsintsiya.

“Salamu alaikum, Baba.”

“Wa alaikumus salam. Makaɗi ne?”

“Ni ba makaɗi ba ne, Baba. Ɗan dako ne.”

“Ai ka karɓa.”

Na durƙusa, na fito da hular. Ya kalle ta, bai miƙo hannu ba.

“Mayar aljihunka, yaro. Ka tuɓe ni sau ɗaya, kana so ka ƙara?”

“Wallahi ban san naka ba ne.”

“Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka yi masa wannan gudun ba. Wa ke korarka? Kiɗan noma ne. Mai garma yana numfashi, sai ka jira shi.” Ya ajiye tsintsiya, ya riƙa buga gwiwarsa da tafin hannu, a hankali, yana barin wuri tsakanin bugu da bugu. “Haka. Ka ji? Wanda ya yi mini shi ya daɗe da rasuwa. Na zaci sun tafi tare.”

Na mayar da hular aljihu. Shi kuma ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da ɗaurewa. Can ya ce direba ya kawo saƙo daga gida, 'ya'yansa sun ce ya dawo.

Na ce, “Za ka tafi?”

“Abin da nake ɓoyewa ya riga ni isa. Zaman me zan yi? Kai fa?”

“Ni ma nawa ya isa.”

“To me kake tsaro a bayan kwanduna? In za ka kaɗa takena, ka kaɗa shi a fili, fuskarka na kallon mutane. Ba don lungu aka yi shi ba.”

Ya tafi da wata mota da ta juye kaya. Na ɗora masa ƙullinsa. Ya hau can saman kwandunan da babu komai a ciki, ya zauna, kai a buɗe. Dogo ya zungure ni, ya ce in ɗauko gurmi in raka shi da takensa. Na ƙi. Ba shi da abin da zai sake bayarwa.

Nawa saƙon shi ma ya zo ta bakin direba. Babana ya ce a gaya mini ya ji. Iyakarta ke nan. Da na je gida daga baya ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni aiki. Da aka kawo tuwo sai na ga an zuba mini nawa daban. Haka muka zauna har ya rasu, bai taɓa ambaton gurmi ba, ban taɓa ambata ba.

Ranar da na fara zama a fili, a gaban rumfar albasa na kifa kwando na hau. Gumi ya jiƙa ni kafin in taɓa tsirkiya. Ji nake kowane ido a kasuwar yana kaina. Na yi kuskure, na sake, na kuma yi. Da na ɗaga kai sai na ga mai albasa yana auna albasarsa, mai shayi yana wanke kofuna, Iya na faɗa da dillali. Mutum biyu ko uku ne suka tsaya. Dogo ya ce, “Ɓera ya fito daga gwangwani.” Kashegari na sake zama. Ba zan ce kunya ta tafi ba. Ta zama kamar kanta, taurin fatar nan da ke fitowa a tsakiyar kai, inda gammo ke zama. Tana nan, amma ana ɗaukar kaya a kanta. Na koyi abubuwan da babu mai koya maka sai kasuwa. In ciniki ya yi zafi kusa da kai, ka sassauta hannu. In ladan ya yi gyaran murya, ka ajiye. Kada ka yi kiɗa kusa da wanda kayansa suka ruɓe a hanya, ko da shi ya ce ka yi. Manoma suka riƙa zuwa bayan sun sallami dillali, su tsuguna, wani ya ce, “Ka san na garinmu?” Ya yi mini da baki, in laluba har in samu. Sai ka ga ƙato ya rufe ido yana kaɗa kai, yana can gida. In zai tashi ya ajiye mini albasa ko 'yan tattasai. Ina karɓa. Na daina tambayar yaran mota daga inda suka fito.

Na taɓa tambayar labarin Baba wajen mutanen yankinsu. Wani ya ce an tare shi da murna, jikoki suka kewaye shi, ya mutu a hannun 'ya'yansa. Wani ya ce tun da ya shiga ɗaki bai sake fitowa dandali ba har Allah ya karɓi abinsa. Ban san wacce ce gaskiya ba. Na daina tambaya.

Manoman da ke biyo kaya yanzu yara ne. Ba su san gayya ba. Da feshi suke kashe ciyawa, da inji suke huɗa, a waya suke jin farashi tun suna hanya. Ba wanda aka yi wa take a cikinsu. In na kaɗa, wani ya ɗaga waya ya ɗauke ni, ya ce, “Baba, ƙara yi, zan tura wa mutane.” Ya tura, ban san wa ba. Abin da na yi ta ɓoyewa a bayan kwanduna yanzu yana yawo a aljihun waɗanda ban taɓa gani ba, kuma ba abin da ya dame su. Ban ce sun yi laifi ba. Dogo ya koma gida, Iya ta rasu, 'yarta ce ke sayen esha.

Ni ina nan Agege. Gwiwa ta hana ni dako. Ina kwana a ɗaki ɗaya kusa da layin dogo, da safe in zo in zauna a bakin rumfar albasa, ina yi wa mai ita gadi in ya fita. Bayan azahar in ɗauko gurmi. Ina kaɗa taken Baba a hankali, yadda ya buga mini a gwiwarsa, idona a kan tsofaffin da ke wucewa da kaya a kai. In na ga ɗaya ya rage tafiya, sai in ɗora tafin hannuna a kan tsirkiya har ya wuce.